Inji Mai Sarrafa Kansa da Aukin Aiki a Sana'ar Bugun Rariya: Abin Lura Daga Tasawa da Mayahi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwar Tasawa ko ta Mayahi, ko kuwa ya halarci biki ko suna a ɗaya daga cikin garuruwan da ke kewaye da su, zai lura cewa mafi yawan tufafin da ke jikin mata, da wani kaso na waɗanda ke jikin samari da yara, bugaggu ne, wato an ɗora masu zane da launi ne bayan an gama saƙa su. Atamfar anko, da rigar ƴan ƙwallo mai lamba a baya, da ƙyallen sanarwa na ƙungiyar mata ko ta manoma, da yawa daga cikinsu hanya ɗaya aka bi wajen buga su. Sai dai kuma babu masaƙa ko ɗaya a waɗannan gundumomi biyu na jihar Maraɗi: atamfar daga nesa take zuwa, abin da ake bugawa a gida bai wuce ƴan riguna da ƙyallaye da alluna ba, su ma da hannu.

Daga nan ne tambayar da wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa ta taso, tambaya ce kuwa da akan ji ta duk lokacin da ake zancen samar wa matasa aikin yi: tun da ga masu saye, me zai hana a kawo inji? Amsar ba ta samuwa sai an san abin da injin yake yi, da inda saurinsa yake fitowa, da kuma sharuɗɗan da idan babu su saurin nan yakan koma asara.

1.1 Batun kalmomi

Abin da Faransanci ke kira sérigraphie mun kira shi bugun rariya, domin aikin bai bambanta da tankaɗe ba: akwai raga mai ƙananan idanu da aka ɗaure tamau a jikin firam, an toshe wasu idanun an bar wasu, sai a zuba kwaɓin launi a ja shi da mashafin roba, ya ratsa ta buɗaɗɗun idanun kawai ya sauka kan yadi. Kowane launi da rariyarsa. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ginshiƙin duk lissafin da zai biyo baya, saboda haka muna roƙon mai karatu ya riƙe ta.

Kalmar productivité kuwa ta fi ba mu wuya. An sha fassara ta da riba, alhali kuwa masana'anta na iya samun riba ba tare da ita ba, tana kuma iya samunta ta yi asara. Mun zaɓi auki. Bahaushiya takan ce wannan shinkafa tana da auki idan tiya guda ta cika tukunya ta ciyar da gida, wato ana auna abin da ya fito ne da abin da aka zuba. Aukin aiki ke nan a wurinmu: yawan abin da aka samar idan aka gwada shi da abin da aka kashe na lokaci, da ƙarfin mutum, da jari, da wuta da ruwa. Kalmar tana da wani amfani kuma, tana tilasta wa mai magana ya faɗi aukin mene ne yake nufi, na ma'aikaci ko na jari, domin kamar yadda za mu gani, waɗannan biyun ba kullum suke tafiya tare ba.

2.0 Kafin zuwan inji

Sa wa tufa launi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, ya bayyana wata marina da ya gani a garin, dandamali ne na ƙasa mai ramuka 14, inda tufa kan kwana daga 1 zuwa 7 cikin baba gwargwadon duhun da ake so. Da ya isa Kano kuma ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a can ana sayarwa a wasu ƙasashe sun kai na wuri miliyan 300 a shekara. Wannan sana'a tana da nata tsarin rabon aiki, daga mai kaɗi zuwa masaƙi, zuwa marini, zuwa mabugi, amma rini ne, tufa gaba ɗaya ake tsomawa. Abin da ya fi kusa da bugun rariya a Afirka ta Yamma shi ne wani nau'in adire na Yarbawan Abekuta, inda ake huda zane a jikin faifan kwano a shafa kokon rogo ta cikin hudojin kafin a rina. Mun kawo wannan ne domin a ga cewa dabarar toshe wuri a bar wuri tsohuwa ce. Abin da Turai ta ƙara shi ne raga, sannan inji.

3.0 Matakai uku na injin

Mataki na farko shi ne tebur. Ana shimfiɗa yadi a manne shi kan dogon tebur mai tsawon mita gommai, mutum biyu su ɗauki firam suna ajiyewa suna jan mashafi, suna tsallake gurbi ɗaya domin kada firam ya taɓa ɗanyen launi, sannan su dawo su cike. Idan launi na farko ya sha iska sai a ɗauko rariya ta biyu. Haka aka yi ta buga alharini a birnin Liyon na Faransa. A nan yadi a tsaye yake, mutum da rariya ne ke tafiya.

Mataki na biyu ya juya al'amarin: a shekarun 1950, kamfanoni irin su Buser na Suwizalan suka fito da injin da rariyoyi ke jere wuri ɗaya, yadi kuma a manne kan bel na roba yana tafiya a ƙarƙashinsu. Bel ya matsa, ya tsaya, rariyoyi su sauka gaba ɗaya, mashafai su ja, rariyoyi su ɗaga, bel ya sake matsawa. An rage hannu ƙwarai, launuka kuma duk a tafiya ɗaya suke sauka, amma tsayawar nan da ake yi a kowane taki ita ta daddale saurin injin.

Mataki na uku shi ne ya kawar da tsayawar. A baje kolin injunan masaƙa na ITMA da aka yi a Hanoba a 1963, kamfanin Stork na ƙasar Holan ya nuna injin da aka naɗe rariyarsa ta zama ganga. Gangar ta siririn ƙarfen nikel ce marar ɗinki, mai ɗimbin ƙananan hudoji. Kewayenta da aka fi amfani da shi santimita 64 ne, shi ya sa idan mai karatu ya auna atamfa da yawa zai tarar zanen yana maimaita kansa bayan wannan tazara. Famfo ne ke tura kwaɓin launi cikin gangar, mashafin ma a ciki yake, gangar tana juyawa yadi na wucewa ba tsayawa. Kamfanin Zimmer na Ostiriya ya yi nasa da sandar ƙarfe wadda maganaɗisu ke dannawa daga ƙarƙashin bel. Irin wannan inji yakan ɗauki ganga 8 ko 12, wasu har fiye, yana kuma buga mita 30 zuwa 60 a minti ɗaya a aikin yau da kullum. Tun daga ƙarshen ƙarni na 20, fiye da rabin bugaggen yadin duniya ta wannan hanya ake yin sa.

Wajibi ne a rarrabe a nan tsakanin atamfa iri biyu. Wadda ake kira Holan, irin ta kamfanin Vlisco da ke Helmond tun 1846, ana ɗora mata ƙaro ne a fuska biyu a rina, sannan a ƙara launuka, aiki ne mai tsawo da tsada. Wadda ta fi yawa a kasuwannin ƙauye kuwa, mai fuska ɗaya da baya kodaɗɗe, ita ce ake bugawa kai tsaye, da can da gangar tagulla mai sassaƙe, daga baya da gangar rariya. Ita muke nufi a sauran bayanin.

4.0 Inda aukin yake, da inda yake zurarewa

Idan aka ce inji na buga mita 40 a minti, mai saurare yakan ninka da 60, ya sake ninkawa da awoyin yini, sai ya ga dukiya. Wannan lissafin ɗan kasida ne, ba na mai masana'anta ba, domin inji ba ya gudu sai an shirya shi. Kafin a buga sabon zane sai an raba shi launi-launi, an yi wa kowane launi gangarsa, an kwaɓa launukan an gwada, an cire tsofaffin ganguna an wanke su tare da famfuna da bututu, an ɗaura sababbi, sannan a daidaita su yadda ja zai sauka daidai inda baƙi ya bar masa wuri. Mitocin farko da ake bugawa ana wannan daidaitawa sukan lalace, kwaɓin da ya rage cikin bututu kuma zubarwa ake yi. Duk wannan kashe kuɗi iri ɗaya ne, ko mita 100 za a buga ko 100,000.

Bari mu yi misali, kuma muna jaddada cewa alƙaluman na ƙaddarawa ne domin a ga yadda lissafin ke tafiya. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato kusan mita 5.5. A ce canjin zane mai launi 6 yana cin awa ɗaya, injin kuma yana gudun mita 40 a minti. Wata ƙungiyar mata a Mayahi ta ba da aikin anko na turmi 200, wanda a wurinta babban aiki ne. Mita 1,100 ke nan, injin zai gama da su cikin minti 28 ko ƙasa da haka. An shafe minti 60 ana shiri, an yi minti 28 ana aiki, wato injin bai yi gudun ko sulusin lokacin ba. Idan kuwa wani babban dillali a Kantin Kwari ta Kano ya ba da aikin turmi 5,000 na zane ɗaya, mita 27,500 ke nan, gudun awa 11 da rabi, awa ɗayar shiri ba ta wuce kashi 8 cikin 100 na lokacin ba. Daɗin daɗawa, kuɗin ganguna shida da aka huda saboda zanen, a aikin farko turmi 200 ne za su ɗauke shi, a na biyu 5,000, ke nan nauyin da ke kan kowane turmi na matan Mayahi ya ninka na dillalin Kano sau 25. Inji ɗaya, ma'aikata ɗaya, sauri ɗaya, amma auki ya bambanta kamar sama da ƙasa.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, aukin injin mai sarrafa kansa ba a jikin ƙarfensa yake ba, yana cikin tsawon aikin da aka ba shi. Tebur kuwa akasin haka ne, shirinsa arha, gudunsa tsada. Akwai wata gaɓa da layukan biyu ke haɗuwa, ƙasa da ita hannu ya fi inji, sama da ita inji ya fi hannu, kuma gaɓar tana matsawa gwargwadon tsadar jari da arhar ƙwadago. A ƙasar da ladan ma'aikaci ke da tsada bashi kuma yake da sauƙi, gaɓar tana ƙasa ƙwarai. A Tasawa da Mayahi, inda hannu ke da yawa bashin banki ke da wuya, kuma kowane ƙusa na injin sai an sayo shi daga waje, gaɓar tana can sama. Ga alama wannan shi ne abin da masu tsara ayyukan raya ƙasa suka fi mantawa da shi: sukan auna aukin ma'aikaci, wanda inji ke ɗagawa ko da yaushe, su ƙyale aukin jari, wanda shi ne abin da ya yi mana ƙaranci.

Har ila yau, injin bugu ba ya zama shi kaɗai. A gabansa akwai wanke yadi da farar da shi, a bayansa akwai busarwa, da turara shi domin launi ya kama zare, da wanki, da miƙarwa. Gudun layin gaba ɗaya shi ne gudun mafi nawa a cikinsu. Idan tukunyar tururi ta tsaya, ganga 12 ba su da amfani.

5.0 Darasin Yamai da Kaduna

Ba sai mun tsaya ga ƙaddarawa ba, domin an gwada. A Nijar an kafa masaƙar NITEX a Yamai a ƙarshen shekarun 1960, wadda daga baya ta koma SONITEXTIL, sannan aka sayar da ita a 1997 ta zama ENITEX a hannun ƴan kasuwar Sin. A Arewacin Nijeriya kuwa an buɗe Kaduna Textiles a 1957 da haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila, sai United Nigerian Textiles ta rukunin Cha na Hong Kong a 1964, da Arewa Textiles da jarin Japanawa, ga kuma masaƙun Kano da ta Funtuwa. Waɗannan su ne suka tufatar da yankinmu shekaru da yawa.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne, masaƙar Yamai ba rashin inji ya dame ta ba. Kasuwar Nijar ƙarama ce, masaƙun Kaduna kuwa suna buga wa al'ummar da ta ninka ta sau da yawa, saboda haka ayyukansu dogaye ne, kuɗin shirinsu a rarrabe. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, atamfar Nijeriya ta riƙa kwararowa ta Jibiya da Ɗan Isa da sauran hanyoyin da ba a rubuta su a taswira ba, a farashin da Yamai ba ta iya karawa da shi. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya yi nazari a kansu a littafinsa na 1986, sun san wannan iyaka fiye da kowa, kuma da ita suka yi arziki. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta ɗan rage ratar farashi, amma ta ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga waje, har da launuka da kayan gyara.

Sai kuma reshe ya juya da mujiya. Abin da Kaduna ta yi wa Yamai, shi masaƙun Sin suka yi wa Kaduna: ayyuka mafi tsawo, wuta tsayayya, da kwaikwayon zane cikin hanzari. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007, duk da an sake buɗe ta a 2010. Hanyar Maraɗi zuwa Katsina zuwa Kano kuwa ta juya baya, yadin Asiya da aka sauke a tashar ruwan Kwatano ya riƙa ratsa Nijar yana shiga Nijeriya. Masaƙun nan ba su mutu don injunansu sun gaza gudu ba. Sun mutu ne da injunan a tsaye, ko dai babu wuta, ko babu baƙin mai na tukunyar tururi, ko babu mai saye. Idan kuwa Kaduna, da kogi a gefenta da matatar mai a cikinta da layin dogo, ta kasa ciyar da gangar rariya, to ya kamata mai son kafa ta a Tasawa ya yi dogon tunani.

6.0 Wuta, ruwa da damina

Wutar lantarkin tsakiyar Nijar da gabashinta ta dogara ƙwarai ga layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, maƙwabciyar Tasawa, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar cikin watan Agusta, ba a maido ta ba sai bayan da CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairu na 2024. Ga mai bugu da hannu, ɗaukewar wuta jinkiri ce. Ga inji kuwa ɓarna ce: yadin da ke cikin na'urar busarwa ya tsaya cikin zafi, kwaɓi ya bushe a idanun ganga, a sake wanki da daidaitawa, wato a sake biyan kuɗin shiri a tsakiyar aiki ɗaya. Janareta na magance wannan, amma kuɗin mansa a kan kowane turmi yake sauka.

Ruwa ma haka. Masaƙar bugu tana shan ruwa mai yawa, tana kuma fitar da shi da launi da gishiri da sinadarai. Mutanen da ke gaɓar kogin Calawa a Kano da na unguwar Kakuri a Kaduna sun san wannan. A Mayahi, Gulbin Kaba suna ne kawai ya rage masa na gulbi, ruwan sha daga rijiyoyi da fanfunan burtsatse yake fitowa, kuma babu kogin da zai kwashe dagwalon masana'anta. Inda aka zuba shi nan zai nutse.

Abu na uku shi ne wanda littattafan da aka rubuta a Turai ba su ambata ba, wato damina. A waɗannan gundumomi kusan kowa manomi ne. Idan ruwa ya sauka, yaran shago sukan koma gonar hatsi da wake da gujiya, kuɗi su ƙare a hannun jama'a, bukukuwa su ragu. Bayan kaka ne ake aure, ake anko, ake gasar ƙwallo da kokowa. Shagon hannu yana numfashi tare da wannan zagaye, ya kumbura da rani ya tsuke da damina, ba tare da ya ci bashin kowa ba. Bashin inji kuwa bai san damina ba, wata 12 ake biyansa.

Buƙatar ma kanta taguwa ce. Tun daga Taron Ƙasa na 1991 da zaɓuɓɓukan 1993, lokacin zaɓe ya kasance babbar kakar masu bugu, kowace jam'iyya da launinta da hoton ɗan takararta. Haka ma ranar matan Nijar ta 13 ga Mayu da atamfarta. Amma an dakatar da harkokin jam'iyyu a 2023, aka kuma rusa su a watan Maris na 2025. Wanda ya ci bashi ya sayi inji yana dogaro da rigunan yaƙin neman zaɓe, ya wayi gari ba shi da wannan kasuwa.

7.0 Ƙaramin shago

Wannan duka ba ya nufin a bar mai bugun hannu yadda yake. Idan muka dubi yadda ake aiki a ƙananan shagunan garuruwanmu, za mu ga cewa lokaci ba a wajen jan mashafi yake tafiya ba, alhali kuwa jan mashafin shi ne abin da inji mai sarrafa kansa yake karɓa. Lokaci yana tafiya ne a wurare uku. Na farko wajen yin rariya: ana shafa wa raga wani ruwan magani mai jin haske, a busar da shi cikin duhu, a ɗora zanen a haska, inda haske ya taɓa ya daskare, inda zane ya rufe ya wanke. Masu yawa da rana suke haskawa, rana kuwa ba ta da ma'auni, ta Afrilu daban ta Agusta daban, sai rariya ta ƙi fita a sake. Ƙurar hunturu kuma idan ta sauka kan ɗanyen magani takan bar ƙananan hudoji waɗanda za su yi ta ɗigon tawada kan kowace riga. Akwatin haske mai agogo, da ɗaki mai rufi wanda ƙura ba ta shiga, suna rage wannan asara da kuɗi kaɗan, kuma faifan hasken rana guda yana iya ɗaukar nauyin fitilunsu.

Na biyu wajen daidaita launi kan launi. A nan ne teburin juyi yake da amfani, wato irin wanda Ba'amurken nan Michael Vasilantone ya ƙirƙiro a shekarun 1960: rariyoyi huɗu ko shida a kan hannuwa masu zagaya ginshiƙi ɗaya, kowace da maƙallin da ke tsayar da ita wuri ɗaya. Da hannu ake juya shi, ba ya shan wuta, kuma maƙerin walda na iya ƙera shi idan ya sami samfuri, ko da yake ingancin maƙallan shi ne dukkan sirrin. Ƙanensa mai sarrafa kansa yana buga riguna ɗaruruwa a awa, amma yana bukatar injin matsa iska, da wuta mai ƙarfi, da bakaniken da zai zo daga nesa in ya lalace, sannan har yanzu mutum ne zai sa riga ya cire.

Na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran muhimmanci, shi ne gasa tawada. Tawadar da aka fi buga riguna da ita ba ta kama yadi sai ta ji zafin da ya kai kimanin digiri 160. Shanya a rana ba ta kai nan, ko da a tsakiyar bazara. Dutsen guga kuwa riga ɗaya-ɗaya yake bi, wani wuri ya ƙone wani bai gasu ba. Wannan shi ya sa lambar rigar ƴan ƙwallo ke ɓarewa bayan wanki biyu ko uku, mai saye kuma ya yanke hukunci cewa aikin gida ba shi da kyau, ya aika Kano. Rigar da aka buga ta ɓare ba ta cikin auki, ko da an ƙirga ta ranar da aka buga. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 Nijar take samar da gas ɗinta na girki, Tasawa kuma a kan babbar hanyar da ta haɗa Damagaram da Maraɗi take. Tanda mai aiki da gas, mai ma'aunin zafi da bel da ke tafiya a hankali, ita ce na'urar da muke ganin ta cancanci a fara sa jari a kanta, musamman idan shaguna da yawa za su yi tarayya a guda ɗaya, kamar yadda mata ke tarayya a injin niƙa.

Akwai kuma wani sabon al'amari da ya shigo lissafin. Bugun kwamfuta, wanda ke fesa tawada kai tsaye kan yadi ko kan wata leda da ake mannawa da zafi, ba ya bukatar rariya ko ɗaya, saboda haka kuɗin shirinsa kusan babu: riga ɗaya mai hoton amarya da ango da launi barkatai tana fita a farashin da rariya ba za ta iya ba. Tawadarsa ce ke da tsada, kawunan fesawarsa kuma ba sa shiri da ƙura da zafi. Ke nan an matse bugun hannu daga ɓangare biyu, gangar Asiya ta ɗauke dogon aiki, kwamfuta tana ɗauke gajere mai launi da yawa. Abin da ya rage masa shi ne tsakiya: riga 50 zuwa ƴan ɗaruruwa, launi ɗaya zuwa uku, rigunan ƴan makaranta, na ƙungiyoyi, na ma'aikatan rigakafi, aikin da ake so jibi, wanda aika shi Maraɗi ko Kano zai ci kuɗin mota da kwanaki.

Ga ɗaliban da ke neman batun bincike, abin da muke ba da shawarar a auna a shagunan Tasawa da Mayahi ba yawan rigunan da ake bugawa a awa ba ne. A riƙe littafi na shekara guda, daga kaka zuwa kaka, a rubuta girman kowane aiki da yawan launinsa, da awoyin da aka yi ana shiri, da rariyoyin da aka sake, da rigunan da aka dawo da su, da kwanakin da shago ya zauna babu aiki ko babu wuta. Da waɗannan alƙaluma ne za a iya gano gaɓar da muka ambata a sashe na 4.0, ga shago ɗaya ko ga tarayyar shaguna.